Rangwamen da ake yi wa ma'aikatan kanti: hukuncinsa da iyakarsa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya sanya kasuwa ta zama ƙofar neman halali ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka sani da riƙon amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da aka yi mana cikin watan azumin da ya gabata. Bayan sallar asuba, wani saurayi daga cikin masu lizimtar sahun gaba ya dakata har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya durƙusa, ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ina da magana, amma nauyinta nake ji." Muka ce: "Faɗi, ɗana, ba a jin kunya wajen neman sani."

Ya ce shekara uku ke nan yana aiki a wani kantin kayan masarufi. Ranar da aka ɗauke shi, maigidansa ya ce masa duk abin da zai saya don gidansu a rage masa kashi 10 cikin 100. Da farko sukari da sabulu da man girki na mahaifiyarsa kaɗai yake ɗauka. Sai gwaggonsa ta ji labari, ta aiko da kuɗin buhun shinkafa. Daga gwaggo sai maƙwabta, daga maƙwabta sai wata mai tuwon sayarwa a unguwarsu, wadda takan ba shi ɗan abin goro a kan kowane buhu. Gab da azumi maigidan ya yi ƙidayar kaya, ya ga ciniki ya ƙaru amma riba ta ragu, ya zargi wani yaro daban, ya sallame shi. Saurayin ya ce: "Malam, ni ban taɓa ɗaukar ko ƙwayar ashana ban biya ba. To, wannan sata ce?"

Mun ba shi amsa a ranar gwargwadon abin da ya sawwaƙa. Amma mun lura masu irin wannan tambaya suna da yawa, daga babbar kasuwar Maraɗi har kasuwar Dole ta Damagaram, da Katako da Wadata a Yamai, shi ya sa muka ga ya dace a rubuta.

Asalin al'adar

Wannan al'ada ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka, kamfanin Walmart, wanda ya fi kowane kamfani mai zaman kansa yawan ma'aikata a duniya, yana rage wa ma'aikatansa kashi 10 cikin 100, kuma a 2025 ya faɗaɗa rangwamen ya haɗa da kusan dukkan kayan abinci. Dokar haraji ta ƙasar, tun 1984, ba ta lissafa wannan rangwame cikin albashin da ake cire wa haraji muddin bai wuce ribar da kantin ke ci bisa kayan ba. A Faransa kuwa, hukumar da ke karɓar kuɗin tallafin ma'aikata tana kau da kai in ragin bai wuce kashi 30 cikin 100 na farashin da ake sayar wa kowa ba. In ya wuce, sai ta ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na albashi. Abin lura a nan shi ne, hatta waɗanda ba da littattafan fiƙihu suke aiki ba sun gane cewa rangwamen nan yana tsakanin abu biyu: wani lokaci kyauta ne, wani lokaci lada ne na aiki. Kuma ba don tsabar tausayi suke yin sa ba. Ma'aikacin da ke amfani da kayan ya fi iya tallarsu, ya fi daɗewa a wurin, kuma ragin ya fi ƙarin albashi sauƙi ga aljihun mai kanti.

A wurinmu abin ya girmi manyan kantuna. Alhazan Maraɗi na da, da takwarorinsu na Damagaram da Tawa, ba su san wani albashin wata ga yaransu ba. Yaro yana ci daga tukunyar ubangidansa, a yi masa kayan salla, in ya isa aure a yi masa, in ya nuna hankali a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Cikin irin wannan zama, yaro ya ɗauki turmin atamfa a kuɗin sari ba abin magana ba ne, domin ubangidan yana zaune bisa tabarmarsa yana kallo. Yau kuwa mai kantin yana Dubai ko Kano ko Kwatano, ya bar yara da kwamfuta. An riƙe alfarmar da, amma idon da ke tsare ta ya tashi.

Mene ne shi a shari'a?

Mu fara da abin da babu saɓani cikinsa. Mai dukiya yana da ikon sayar da kayansa a farashin da ya so, ga wanda ya so. Malaman fiƙihu sun san sayarwa da riba sananniya, sun san sayarwa a kuɗin sari ba ragi ba ƙari, wadda suke kira tauliya, sun san sayarwa ƙasa da kuɗin sari. A mazhabar Imamu Malik ana lissafa tauliya cikin ayyukan alheri tsakanin mutane. Saboda haka mai kantin da ya rage wa yaronsa bai yi laifi ba, yaron da ya karɓa bai ci haram ba. Aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta rataya halaccin dukiyar wani a bisa yardarsa, kuma a nan akwai yarda.

To, amma tunda yarda ce ta halatta shi, iyakarsa ita ce iyakar yardar. Duk darasin nan a kan wannan yake juyawa.

In an ambaci rangwamen lokacin ɗaukar aiki, ya zama sharaɗi, kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya tabbatar da cewa Musulmi suna ɗaure da sharuɗɗan da suka ƙulla. Mai kanti ba shi da ikon janye shi tsakiyar tafiya sai da sabuwar yarjejeniya. Ɗalibi zai iya cewa: ai Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana cikin Risala cewa ijara tana inganta ne in an yanke lokaci an ambaci lada, ga shi kuwa ba a san nawa yaron zai saya a wata ba, ashe ladan bai zama abin jahilta ba? Amsa ita ce, asalin ladan shi ne albashin, kuma sananne ne. Rangwamen mabiyi ne, ana yafe wa mabiyi ɗan rashin tabbas da ba a yafe wa asali. Duk da haka mun fi son a yanka masa iyaka, a ce kayan jika kaza a wata, don a toshe ƙofar gardama. In kuwa ba a ambace shi ba, daga baya ne mai kanti ya ga dama, to alheri ne kawai. Yana iya dakatar da shi ga abin da zai zo, ba ya iya bin yaro bashin abin da ya wuce.

Yaron kanti wakili ne

Ga wurin da mafi yawan samarinmu ke zamewa. Wanda aka tsayar bayan teburi yana sayarwa, wakili ne na mai dukiya, kuma wakili amintacce ne, ba ya aiki sai da abin da ya fi amfani ga wanda ya wakilta shi. Shehu Halilu, cikin Muhtasar, a babin wakilci, ya hana wakili ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar, haka ga wanda ke ƙarƙashin kulawarsa kamar ƙaramin ɗansa. Ya halatta ya sayar wa matarsa da sharaɗin kada ya yi mata sassauci a farashi. Shehu Dardiri, wanda ya rasu a 1786, ya bayyana cikin sharhinsa cewa hanin yana nan ko da mai kaya ya faɗi farashi, domin mai yiwuwa a sami wanda zai biya fiye. Sai dai in mai kayan ya yi izini, ko ana cinikin a gabansa, ko an tabbata ba mai ƙarawa.

Ka duba da kyau, ya ɗan'uwa. Asali ma yaron kanti ba shi da ikon sayar wa kansa ko a cikakken farashi, sai da izini. Rangwame izini ne biyu a haɗe: izinin ya saya, da izinin ya rage. Wanda aka ce masa "don gidanku", aka wayi gari yana saya wa unguwa, ya fita daga izinin, ya koma ga asali, asali kuwa hani ne. In malamai sun hana sassauta wa matar aure ba da izini ba, ina ga mai tuwon unguwa?

Bari mu buga misali da lissafi, don wasu ba su ganin ɓarna sai an ƙirga musu. A ce mai kanti ya sari buhun shinkafa a sefa 12.000, yana sayarwa 13.500. Ribarsa 1.500, cikinta zai biya haya da wuta da haraji da albashin yaron kansa. In an rage kashi 10 cikin 100, wato 1.350, buhu ya koma 12.150, saura 150 kacal. Buhu ɗaya a wata, mai kanti ya san da shi, ya yafe. Buhu 20 kuwa, sefa 27.000 ke nan suka fita daga hannunsa ba da saninsa ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu sefa 42.000 ne. Ashe yaron ya ƙara wa kansa da mutanensa kusan kashi biyu cikin uku na albashin wata, daga aljihun wanda bai sani ba. Kuma waɗannan mutane 20 da ma masu sayen kantin ne, da sun biya cikakken kuɗi.

Saboda haka maganar "ai na biya" ba hujja ba ce. An biya 12.150, ba a biya 1.350 ba. Ba mu ce sata ce irin wadda ake yanke hannu a kanta ba, domin wanda aka amince wa ya shiga wuri in ya ci amana sunansa maha'inci, ba a yi masa haddin ɓarawo. Amma faɗuwar haddi ba ta mayar da dukiyar halal. Abu Dawuda ya ruwaito daga Buraida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya bayyana abin da ma'aikaci ya ɗauka bayan abin da aka yanka masa a matsayin gululu, wato ha'inci cikin dukiyar da aka ba shi tsaro.

Wani daga cikin ɗalibanmu ya kawo mana ishkali mai kyau. Ya ce: malamanmu sun ce in mai sayarwa ya sharɗanta wa mai saye kada ya sayar da abin ga kowa, sharaɗin ya warware manufar ciniki, to yaya mai kanti zai hana yaronsa sayar da abin da ya riga ya mallaka? Abin da muka fahimta shi ne, sharaɗin mai kanti ba a kan kayan yake ba bayan sun zama na yaro, a kan wanda ya cancanci ragin yake. In ka saya da gaskiya don gidanka, daga baya ka ga ba ka bukata, ka sayar ko ka kyautar, babu komi, kayanka ne. In kuwa tun farko kuɗin wani ne a aljihunka, ko niyyarka fatauci ce, ka rubuta da sunanka, to ka karɓi ragin da ƙarya. Bambancin yana cikin zuciya, kuma mai ita ya san abin da ke ciki.

Akwai wata ɓarna ta biyu da ba a kula da ita. Sau da yawa yaro yakan karɓi kuɗin maƙwabci da ƙari, ya ce "je ka ɗauka a magaza", alhali shi bai karɓi buhun ba tukuna. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa daga Abdullahi ɗan Umar hanin sayar da abincin da aka saya kafin a karɓe shi. Ga ha'inci, ga ciniki ɓatacce, a buhu guda.

Shi kuwa ɗan abin goron da mai tuwo ke bayarwa, da wanda dillalan kamfanoni ke saka wa yaro a hannu don ya tura kayansu gaba, labarin Ibnul Lutbiyya ya ishe mu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi inkari, ya nuna cewa da mutumin ya zauna gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta zo masa. Kujerar ce aka yi wa kyauta.

Kada kuma wani ya ce mai kantin Kwara ne ko ɗan Sin, ko kamfani ne da ba a san mai shi ba. Daren hijira an bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu, alhali a daren suke neman ran mai ajiyar. Haka manajan da aka ɗora bisa kanti: shi ma wakili ne, ba ya ba da abin da ba a ba shi ikon bayarwa ba, kuma izininsa ba ya wanke yaro in yaron ya san ya ƙetare umarnin mai dukiya.

Magana ga dangi

A nan muna so mu ɗan tsaya, domin a ganinmu rabin laifin ba na yaran ba ne. Yaro ya sami aiki da ƙyar, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, sai kawu ya zo, inna ta aiko, a ce "kai da ke ciki". In ya ƙi, a ce ya yi arziki ya manta da zumunci. Mun ga uwar da ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwar ɗanta ba a kan kwalin madara. Ya ke baiwar Allah, abin da kike nema a rage miki ba na ɗanki ba ne. Ranar da aka kore shi, ba ke za ki ciyar da shi ba, kuma a kasuwa labari ba ya kwana: wanda aka sallama a kan amana, da wuya wani alhaji ya sake miƙa masa mabuɗi.

Wanda ya san yaron ya ƙetare izini, ya kuma karɓa, ya yi tarayya cikin zunubin, kuma bambancin kuɗin yana wuyansa. Wanda bai sani ba, babu laifi gare shi. Hanyar kuwa a buɗe take: yaro ya je ga maigidansa ya ce, "Alhaji, gwaggona ce ke da biki, ko za a yi mata irin nawa?" Mun san ƴan kasuwarmu, mafi yawansu in an tambaye su da ladabi sukan ba da fiye da abin da aka roƙa. In an hana, yaro yana iya saye da kuɗinsa cikin iyakar da aka yanka masa, ya kai wa gwaggo kyauta.

Su wa ake nufi da "gidanku"? In mai kanti bai fayyace ba, sai a koma ga al'adar wurin, domin abin da aka saba da shi yana tsayawa matsayin sharaɗi. A wurinmu gida shi ne waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya da kai da waɗanda ciyarwarsu ke wuyanka, iyaye na ciki ko da ba gida ɗaya kuke kwana ba.

Magana ga masu kantuna

Ba za mu rufe ido ga ɗaya gefen ba. Akwai mai kantin da ke riƙe albashi wata biyu, in yaro ya yi magana ya ce "ɗauki kaya a rage maka". Akwai wanda ke tura wa yaransa madarar da kwananta ya kusa ƙarewa da gwangwanin da ya kumbura, ya cire daga albashi, ya kira shi alfarma. Wannan zalunci ne da aka yi wa ado. Albashin da aka ƙulla da kuɗi, da kuɗi ake biyansa, sai in ma'aikaci ya zaɓi kaya da kansa. Buhari ya ruwaito cewa cikin mutane uku da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya karɓi aikin cikakke, bai biya lada ba. Duniya ma ta ɗanɗana wannan cuta: a Ingila sai da aka yi doka a 1831 don hana biyan leburori da kaya maimakon kuɗi, kuma yarjejeniya mai lamba 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1949, ta hana a tilasta wa ma'aikaci saye a kantin wanda ya ɗauke shi aiki.

Kuma alkawari ba wasa ba ne. Mashhurin mazhabarmu shi ne, in ka yi wa mutum alkawari ya shiga wani nauyi saboda shi, cikawa ta wajaba gare ka. Wanda ya ce wa yaronsa "sa ranar aurenka, kayan gara a kuɗin sari", yaron ya sa rana, ba shi da damar ya juya baya. Muna kuma roƙonku ku rubuta: kashi nawa, kaya na nawa a wata, ga wa da wa. Kada yaro ya yi wa kansa takardar ciniki, wani ya yi masa. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga mutuncin yaron kafin dukiyarku.

Yadda za a gyara abin da ya wuce

Tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika da istigfari kaɗai. Sai a ƙiyasta abin da aka rage ba da izini ba, a rinjayar da yawa in an yi shakka, a mayar wa mai shi ko a nemi ya yafe. Wanda ke tsoron fitina in ya bayyana, malamai sun yi masa sauƙin ya mayar da dukiyar ta hanyar da ba sai an san daga gare shi take ba, ko ta hannun wani amintacce. In ba shi da ita a dunƙule, ya riƙa biya kaɗan kaɗan. Ba a yin sadaka da ita alhali mai ita yana raye an san inda yake.

Sai dai wannan sauƙi bai shafi saurayin da muka fara da labarinsa ba, kuma mun faɗa masa haka. A nasa al'amarin akwai wani bawan Allah da aka kora da sunan ɓarawo a kan abin da bai aikata ba, kuma kuɗin da aka mayar a ɓoye ba su wanke sunansa. Muka ce masa dole ya yi magana. Ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya ce: "Malam, za a kore ni." Muka ce: "Mai yiwuwa ne, ɗana. Amma ba za ka tafi kai kaɗai ba."

Bayan sallar la'asar muka tafi tare da shi da wani dattijo daga cikin jama'ar masallaci. Mai kantin ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Ya yafe rabin kuɗin, ya ce a riƙa cire sauran daga albashi cikin wata shida, ya janye masa rangwamen har sai ya gama biya. Wancan yaron kuwa an aika a kira shi, aka tarar ya riga ya tafi Agadas neman aiki. Mai kantin ya je da ƙafarsa gidan mahaifinsa ya ba da haƙuri a gaban maƙwabta, ya bar masa albashin watannin da ya rasa. Har ranar da muke wannan rubutu yaron bai dawo ba.

Allah ne mafi sani.